Kwat ɗin Shugaba Ya Yi Masa Yawa

Litinin, 3 ga Maris
Mun koma gidan nan na bayan Paris da aka mayar fadar shugaban ƙasa don fim ɗinmu. Tsoho Castagnet, mai fitowa a matsayin shugaban, ya zo gwajin kaya. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na sake aunawa ko ni ce na yi kuskure. Ba ni ba ce.

Laraba, 5 ga Maris
Matsalar ita ce daga ƙarshe muka faro fim ɗin. Tun bara aka ɗauki mutuwar shugaban, lokacin Castagnet na da kumatu, har sai da aka yi masa kwalliyar rama. Yanzu za a ɗauki kwanakin da yake da ƙarfinsa yana ƙin sauka daga mulki, ga ramar gaske ta zo.

Ya kama ni ina kallon sabon hujin da ke jikin bel ɗinsa. Ya ce, "Maryvonne, 'yata, tela ba likita ba ce. Cusa auduga a kwat ɗin ki yi shiru." Wai in masu inshora suka ji za su tsayar da aikin, shi kuwa ba zai ga wani fim ba.

Alhamis, 6 ga Maris
Na cusa.

Talata, 11 ga Maris
Ya bar burodi da cukunsa a faranti, na juye a jakata kada a gani. In na faɗa, na raba shi da fim ɗinsa na ƙarshe. In na yi shiru ya faɗi gaban kyamara, ni na ɗinke shi a ciki. Ni da ko launin labule ban iya zaɓa ba.

Juma'a, 14 ga Maris
Solène, daraktarmu, ta tare ni a ƙofar ɗakin kaya, wai tsohon nan lafiya kuwa? Na ce yana nan yana zagin kofin da muke dafawa kamar kullum. Ai ba ƙarya na yi ba. Ko?

A tsaye ya yi jawabin shugaban mai tsawo, gumi na jiƙa audugar. Da nake cire masa kwat ya ce, "Kin gani? Shugaba ya fi ni lafiya."

Litinin, 17 ga Maris
Saura kaɗan a gama. Solène ta sake tambaya, mutumin inshora na tsaye a gefenta. Na ce ƙiba ma yake yi, har sai da na ƙara wa kwat ɗin faɗi.

Tef ɗin awona na baro shi a gida, ba halin a ce in auna shi. Mantuwa ce, ina jin.