Ka Faɗa, Su Faɗa

Talata da dare, Gyaɗi-Gyaɗi, 1977

Ko tuwo na kasa ci. Yau sufeton makarantu ya shigo ajina a Tarauni, ya zauna can baya. Darasin Turanci muke, kalmar kuwa "strangely". Na rubuta ta a allo, na faɗa, yara suka maimaita. Haka aka koya mana a kwas ɗin horar da malamai: ka faɗa, su faɗa.

Sai ya ce, "Malam Sani, sa mana ita a jimla, su ji yadda ake amfani da ita."

Na san tana nufin abin mamaki, amma jimla ta ƙi zuwa. Ban san lokacin da na ce "Na shiga uku" ba.

Ajin gaba ɗaya ya ɗauka da ƙarfi: "Na shiga uku!"

Sufeto bai yi dariya ba, rubutu kawai ya yi. Da ma dariyar ya yi. Wai zai dawo ranar Alhamis.

To wa zan ba laifi? Yaran nan abin da na koya musu suka yi, ni kuma iyakar abin da aka koya mini ke nan.