Fayil ɗin Masu Fasa Dutse

Zuwa ga Baban yara,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kana samun sauƙi. Yaya ƙirjin? Ina Inna da 'yan biyu? Ka gaya musu na ce kada su yi shara a ɗaki kana ciki.

Na iso lafiya. Tunda kai aka zaɓa shugaban ƙungiyarmu ta masu fasa dutse watan jiya, bari sakatariyarka ta ba ka rahoto, ko da yake a gida ni ce mai yi maka faɗan shan magani.

Abin da muke nema a wannan babbar majalisa ta ƙasashe shi suke kira matsayin ba da shawara. Kada sunan ya ruɗe ka. Ba ƙuri'a za a ba mu ba. Izini ne kawai na zama a layin baya, idan wakilan gwamnatoci sun gama surutunsu a ba shugabanmu minti ɗaya da rabi ya ce ƙurar dutse tana cinye huhun mutanenmu. Minti ɗaya da rabi, Baban yara! Kai tarinka ɗaya ya fi haka tsawo. A kan wannan muka shekara uku muna aiko musu takardar rajista, da kundin tsarin ƙungiya, da sunayen shugabanni, da hoton ofishinmu mai benci biyu.

Ka san abin da ya fara ɓata mini rai? Daɓen ginin. Tun daga ƙofa har banɗaki gogaggen dutse ne, irin wanda ka yi shekara ashirin kana fasawa. Sai sheƙi yake, mutane na tafiya a kai da takalma masu ƙwas-ƙwas, babu wanda ya dubi ƙasa. An rataya mini kati ruwan ɗorawa a wuya, na baƙi, wato in zauna in yi shiru.

Jibi kwamiti zai duba fayil ɗinmu. Ka sa mu a addu'a.

Taka har kullum,
Sakatariya

Zuwa ga Baban yara,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jikin? Inna ta ce a waya ka ƙi cin abinci jiya. Ba na son haka, ka ji ko?

Yau aka zauna, kuma har yanzu bakina ɗaci yake. Dokarsu ita ce, kowane wakili yana da ikon yin tambaya a kan ƙungiyar da ke nema, kuma da zarar an yi tambaya sai a ɗage maganar wata shida. Ba sai tambayar ta yi ma'ana ba. Na ji an tambayi wata ƙungiyar makafi dalilin da ya sa hoton ofishinsu ya yi duhu.

Da aka kira mu, wanda ya ɗaga hannu wakilin ƙasarmu ne, wani mai jan taye da turarensa ke isowa har inda nake. Ya ce yana son a bayyana masa yadda ƙungiya za ta yi shugabanni huɗu cikin shekara uku. Wai alama ce ta rikicin cikin gida, ko dai muna hamɓarar da juna ne. Wasu suka yi dariya, shi ma ya murmusa ya koma latsa wayarsa.

Hamɓararwa, Baban yara! Baba Mai Guduma da ya rasu a zaune saboda kwanciya ta gagare shi. Dogo da ya rame har matarsa ke ɗaukarsa zuwa wanka. Kawunka da na sauke wa tukunyar iskar asibiti da hannuna. Duk ukun ƙurar ce ta kashe su suna kan kujerar. Mu fa al'adar ƙungiyarmu ce mu zaɓi wanda ya fi kowa daɗewa da ciwon, domin shi ya fi saninsa, kuma don a ji muryarsa kafin ta ɗauke. Mun ɗauka girmamawa muke yi. Ashe a takardarsu laifi ne.

Na miƙe zan yi magana, wani mai gadi ya nuna katin wuyana, ya nuna kujera. Na zauna. Cikin minti biyu aka ɗage mu, aka wuce zuwa ƙungiyar masu kiwon zuma. Bayan an tashi na ga mai jan tayen a wurin shan shayi yana zaɓen kek. Wallahi sai da na shiga banɗaki na kuskure baki.

Ka ci abinci, don Allah.

Taka,
Sakatariya

Zuwa ga Baban yara, shugabana,

Ina gaishe ka, ina gaida Inna da yara. Allah ya ƙara sauƙi. Gobe zan taso, amma na fi son wannan ta riga ni isa, domin a gabanka ba zan iya faɗa ba.

Na rubuta musu amsa, na haɗa da takardun shaidar rasuwa guda uku. Magatakardan kwamitin ya dawo mini da su, wai amsa ba ta wuce shafi ɗaya. Mutum uku, sai na matse su a layi uku.

Daga nan na je wurin Lauya, matar nan ta babbar ƙungiya da ke taimaka mana da takardu. Ba muguwa ba ce, amma ta daɗe a ginin nan har ta koyi maganarsu. Na ce to mu sa mai lafiya a kujerar, ko ni. Ta ce a'a, wannan shugaba na biyar ke nan, kuma idan sunan shugaba ya sake canjawa kafin zama na gaba, rufe fayil ɗin za su yi, mu koma farko. Abin da ya fi, in ji ta, sunan da ke kan takarda ya tsaya yadda yake har wata shida. Tana faɗa tana juya cokali a shayi.

Sunanka ne a kan takardar, Baban yara.

Akwai abin da na ɓoye maka, ka yafe mini. Ranar da muka je asibiti na ce maka na tsaya karɓar magani, likita ne ya kira ni baranda. Ya ce wata huɗu, in an yi sa'a. Na san ka sani, na ga yadda ka dube ni da na dawo, muka yi ta hirar tsadar mota har gida.

Na tsani ginin nan da daɓensa da katinsa. Na tsani kaina da na zauna da aka ce in zauna. Amma ina son in gan ka a layin bayan nan, ka tashi tsaye, ka yi musu tarin nan naka a gaban makirufo minti ɗaya da rabi cur, ko kalma ɗaya ba sai ka ce ba.

Shekara goma sha takwas da aurenmu ban taɓa roƙonka abin da ya fi ƙarfinka ba. Yau zan roƙa. Likita ya ce huɗu, kwamiti ya ce shida. Ka bi na kwamiti.

Ka ajiye mini gefen gadon, ina tafe.

Matarka,
Sakatariya