Haƙoran da Baba Ya Tono a Rijiya

Ƙofar Durɓi, Katsina
5 ga Yuli, 1999

Zuwa ga mahaifina, Malam Isiyaku,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, yaya ƙarfin jiki, yaya kuma gwiwar? A gaida Inna da mutanen Batagarawa baki ɗaya.

Baba, ka yafe mini. Gwangwanin nan naka na baƙaƙen haƙoran dutse, waɗanda ka tono lokacin da kake haƙa rijiya a ƙasar Wurno, ni na ɗauke shi. Makarantarmu ta shiga gasar kimiyya, na sa ɗalibaina za su nuna su a matsayin haƙoran kifin teku, kamar yadda ka daɗe kana faɗa. Shugaban makaranta ya ce tatsuniya ce, ina Wurno ina teku? Wai in na kunyata shi gaban sabon kwamishinan farar hula, zai karɓe ajin kimiyya daga hannuna. Amma da na tuna shekarun da aka yi ana maka dariya a ƙofar gida kan maganar nan, sai na ƙi janyewa. A sa mu a addu'a.

'Yarka,
Haulat

17 ga Yuli, 1999

Baba,

Ina gaisuwa. Da fatan kun wuni lafiya, ya ruwa?

Albishirinka! Cikin alƙalan gasar akwai wani malamin jami'a masanin duwatsu, Dakta Sammani. Da ya zo teburinmu ya ɗauki babban haƙorin nan mai baki kamar zarto, ya daɗe yana juya shi. Can sai ya kira sauran alƙalai ya ce haƙorin shak ne, wani ƙaton kifin teku mai cin nama, ya koma dutse tun zamanin da teku ya rufe ƙasar Sakkwato, shekaru miliyoyi da suka wuce. Ya tambaye ni wane masani ya gane su. Na ce mahaifina ne, mai haƙa rijiya. Baba, zauren nan duka ya ɗauki tafi, ni kuwa kuka nake. Mu muka zo na ɗaya, kuma shugaban makaranta da kansa ya rungumo kofin zuwa mota.

Dakta yana so ka kai shi da ɗalibansa bakin rijiyar. Ya ce gaba nawa ka yi ƙasa, wace irin ƙasa ka ratsa, kai kaɗai ka sani. Ranar Asabar za mu zo ɗaukarka. Ya ce kai za ka zauna a gaban mota.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

'Yarka mai alfahari da kai,
Haulat