Allon da Zai Wanke Sunan Baba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Allah Ya ƙara buɗi a wurin aiki, Ya tsare ka daga sharrin masu sharri. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma faɗan da ta saba, wanda ka san shi ne alamar lafiyarta. Matar Ƙarami ta sauka, an samu 'ya mace mai irin goshinka, Allah Ya sa dai kada ta ɗauko rowarka. Baba ma jikinsa lafiya, amma zuciyarsa ba lafiya ba, kuma dalilin da ya sa na zauna rubuta maka ke nan.

Ka tuna Ɗan Gayu, wanda Baba ya koya wa riƙe ƙarfen liƙi, wanda kuka yi shekaru kuna cin abinci a kwano ɗaya a bayan shagonmu na gyaran kayan lantarki? Yanzu ya zama babban mutum. Ya buɗe shago mai gilashi a bakin titi, yana sayar da batura da inbata, na'urar nan da ke ba da wuta daga batir in an ɗauke ta gwamnati, yana sa turare kamar a ciki ya yi wanka. Shi ya haɗa wa ɗakin taron unguwa inbata. Baba kuma shi ya gyara musu amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara wa lasifika ƙarfi, kuma a gabana aka yi gyaran, ni na miƙa masa kayan, ni na gwada ta, ta wuni tana kiɗa a shago ba ko ɗumi. Ranar da makarantar unguwa ta yi taron ba da kyaututtuka a wurin, ɗakin ya cika maƙil da iyaye. Ana tsakiyar jawabi aka ɗauke wuta, inbata ta karɓa, lasifika ta fara gurnani, can sai ga hayaƙi da ƙauri daga amfilifayar. Kafin kowa ya buɗe baki, Ɗan Gayu ya miƙe a gaban jama'a ya ce ai ya daɗe yana faɗa, tsohon nan hannunsa rawa yake yi, idonsa ya tafi, gyaransa duk canki-canka ne, ya kamata a tausaya masa a bar shi ya huta. Wai tausayi! Baba yana zaune a layin gaba da hularsa ta fita kunya. Ya tashi ya fita, mutane suna buɗa masa hanya kamar mara lafiya.

Tun ranar bai sake taka shago ba. Da safe sai ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya kunna rediyo ƙasa-ƙasa, ya yi ta kallon hannuwansa yana juya su. Ni kaɗai nake buɗewa. Masu kawo gyara kuma idan sun leƙo, sai su tambaye ni a hankali ko ni zan yi aikin da kaina, suna tsammanin daɗi zan ji. Inna ta ce in bar wa Allah. Na ce mata hukunci na bar wa Allah, amma awo aikina ne.

Ga abin da nake zargi. Ɗan Gayu yana rantsuwa cewa inbatarsa mai wuta sumul ce, irin wadda ke hawa ta sauka a hankali kamar ta gwamnati. Amma duk gidan da na shiga na tarar da ita, fanka tana kuka, caja tana zafi. Ina jin mai wutar tsalle-tsalle ce, mai arha, ya canza mata kwali. Irin wannan wuta tana dafa taransifomar da ke cikin amfilifaya, ba sai gyara ya yi laifi ba. Matsalar ita ce mitar da muke da ita lamba kawai take nunawa, kuma lambar kusan daidai take fitowa. Na je na faɗa wa mai ɗakin taron, sai ya yi murmushi ya ce ai dole 'ya ta kare ubanta. Na gane cewa magana ba za ta yi ba, sai an gani da ido. Saboda haka nake so ka saya mini osiloskop, na'urar nan mai allo da ke zana siffar wuta. Tun da na bar makarantar koyon sana'a ban sake taɓa ta ba, kuma duk layinmu ba mai ita.

Na san halinka, za ka shiga kanti ka ɗauko wadda ta fi kowace maɓallai don a ce Yaya ya yi ƙoƙari. Don Allah ka saurare ni. Ba ruwana da mai saurin tsiya irin ta ɗakin gwajinku, wutar gida zan auna, ko mai matsakaicin sauri ta ishe ni. Abin da nake so, ta kasance mai batir, wadda zan rataya a kafaɗa in shiga da ita ɗakin taro. Ta kasance mai ƙofa biyu na shigar wuta, domin in sa wutar gwamnati a saman allon, ta inbatar Ɗan Gayu a ƙasa, ko wanda bai taɓa riƙe waya ba ya ga bambanci. Ka tabbata ƙofofin a ware suke da juna, kuma ka haɗo da tsinken awo mai jure babbar wuta. Ka san irin ta kan tebur wayar ƙasanta a haɗe take da ta bango, in mutum ya maƙala ta a inda bai dace ba, sai tartsatsi. Ka duba mini irin dariyar da Ɗan Gayu zai yi idan na zo tona masa asiri, ni ma na tayar da hayaƙi. Gara in mutu. Ta kuma iya tsayar da hoto ta adana shi, saboda na san shi, yana ganin abin ya juya zai kashe inbatar ya ce ai tangarɗa ce ta ɗan lokaci. Sannan allo, Yaya. Babba, mai haske, wanda tsohuwar da ke layin baya za ta gani ba sai ta miƙe ba. In an ce ka zaɓa tsakanin sauri da girman allo, ka zaɓi allo.

Kada ka ce mini in yi haƙuri, kada kuma ka kira Ɗan Gayu don ku sasanta a bayana. Na san kana da taushin zuciya a kansa. Ni ba ni da shi. Ba zan zage shi ba, ba zan ɗaga murya ba. Zan fara gwadawa a ɓoye a gidan maƙwabciyarmu mai ɗinki, tana da irin inbatar. In na ga zargina ba gaskiya ba ne, zan haɗiye fushina ko da zai shaƙe ni. In kuwa gaskiya ne, to a ɗakin nan, a gaban mutanen nan, a taron iyaye mai zuwa za a yi ta. Ina so ya tsaya inda ya tsaya ranar, ya ji yadda shirun jama'a yake da nauyi. Ba haƙurinsa nake nema ba, so nake duk wanda ya saya a wurinsa ya kwance tasa ya dire masa a ƙofar gilashin nan.

Ka gaida mini Anti, ka ce ina nan ina jiran hotunan da ta yi alkawari. Ka gaida Babba da 'Yar Lele da Autan gida, Allah Ya yi musu albarka. Inna tana gaishe ku, Gwaggo da Kawu da Ƙarami duk suna gaisuwa.

Saura abu ɗaya, kuma shi ya fi duka. Jiya Baba ya kira ni ɗakinsa, ya miƙo mini mabuɗinsa na shago da tabaron aikinsa, ya ce in ba wa wanda zai amfana. Na karɓa don kada in yi kuka a gabansa. Saboda haka idan ka tashi aikowa, kada ka sa sunana a kwalin. Ka rubuta sunan Baba da manyan baƙaƙe, ka ce a kai shago, kuma kada a ba kowa sai shi da hannunsa. Ka san ba zai bar saƙonka a hannun baƙo ba, dole ya sa hula ya fito, dole ya bi ta gaban shagon Ɗan Gayu. Ranar taro kuma ni allo kawai zan riƙe. Baba ne zai ɗora tsinken a kan wayar, kowa ya ga ko hannun yana rawa.

Wassalam.

Ƙanwarka mai jiran amsa,
'Yar Shago