Man Ƙyalli a Hancin Na'ura

Zuwa ga ƙanena,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali. Allah ya ƙara wa maiɗakinka sauƙin ciwon ƙafar nan. Mu ma muna nan lafiya. Uwar yara na fama da hawan jini, amma da sauƙi, 'yar auta kuma ta sauka lafiya, an sami namiji.

Na ga saƙonka, inda ka ce in bar wa Allah. Kana nesa, gefe guda ka ji. Shekara ashirin da shida ina kula da na'urorin gano gas da ma'aikata ke ratayawa a ƙirji kafin su sauka cikin tankin mai. Kowace tana da sensa, ɗan abu kamar murfin kwalba, shi ne hancinta. Ni nake gwada su da gas ɗin gwaji, wadda hancinta ya yi sanyi in canza mata sabo. A hannuna ko gashin gira ba wanda ya taɓa ƙonewa.

Sai aka kawo mana sabon manaja, wanda direbobi ke kira Tsaf-tsaf. Mutumin nan ƙyalli ne addininsa. Ya sa a riƙa feshe na'urorin da man goge gaban mota, wai don baƙi su ga tsabta. Na same shi har ofis, na ce man nan yana kashe sensa: fitila za ta nuna kore, allo ya nuna sifili, alhali na'urar ta daina jin komai. Ya bushe da dariya a gaban masinja, ya ce karatuna na zamanin fitilar ƙwai ne. Ni da na zo na ɗaya a ajinmu, lokacin ko rarrafe bai fara ba! Ranar Litinin na gwada na'urar wani mai walda, ta amsa. Laraba suka yi mata wanka da man. Jumma'a bawan Allah ya sauka tanki, ya kunna wuta, gas ya tashi da shi. Yau wata biyu yana asibiti, matarsa ke ba shi ruwa da cokali. Da yake sa hannuna ne a jikin na'urar, ni aka kora, da takarda mai layi uku.

Mako mai zuwa kwamitin bincike zai zauna. Zan je da na'ura mai sabon sensa, da gas ɗin gwaji, da gwangwanin man. Zan gwada su ji ta yi kuka, in feshe ta, in sake gwadawa su ji shiru. Sannan in roƙi Tsaf-tsaf ya rataya ta ya sauka tanki, tunda ta yi kyau. Ramin mugunta, an ce, a gina shi gajere.

Jiya kawun Tsaf-tsaf ya zo har zaure yana tuna mini cewa yaron yana da 'ya'ya huɗu. Na ce mai walda yana da bakwai. Ya ce zai kira ka ka sa baki. Dalilin wasiƙar nan ke nan. Ban taɓa ƙin maganarka ba, kada ka sa in fara da furfura a kaina. In ya kira, ka gaishe shi da kyau, ka ce yayanka ma hancinsa ya mutu, ba ya jin magiya.

Ka gaida maiɗakinka, da Goggo, da takwarana, da 'yan biyu. Uwar yara na gaishe ku.

Naka,
Yayanka