Kaka Ta Ba Tsiron Yayana Romo

Gwaggo mai shawara, ki taimake ni, tsokanata ta kai inda ban aike ta ba.

Ni makarantar allo kawai na yi, sana'ata gyaran babur, tsokana kuwa da ita aka haife ni. Yayana ma'aikacin jinya ne. Wasu na kiwon tantabara, shi wani tsiro mai cin ƙwari yake kiwo. Kowane ganye a ƙarshensa akwai ɗan jan tulu mai murfi yana reto, ƙuda ya leƙa ya zame ciki, shi ke nan an gama da shi. Mutum ɗaya tak ke kawo irinsa a inda muke, sau ɗaya a shekara, kuma sai ka ba da suna ka jira. Yaya shekara biyu ya yi a layi kafin ya samu guda. Yana rataye a baranda, ruwan sama kaɗai yake sha, wanda Yaya ke tara masa a jarka. Ni da nake ƙaninsa na famfo nake sha.

To, sai Kaka ta dawo gidanmu da kyanwarta. Ta tambaye ni wannan wane irin abu ne, na ce mata dodo ne, in ya ji yunwa da kyanwa yake farawa, sannan tsofaffi, don sun fi laushi. Na yi dariyata na tafi gareji. Ashe ta riƙe maganar. Sati biyu, da Yaya ya fita aiki sai ta cusa nama a tulunan, ta bi da cokalin romo, har ƙasar tukunyar da aka dasa shi ta samu rabonta. Jiya na kama ta tana yi, tana lallashinsa kamar jariri.

Tulu biyar cikin bakwai sun yi baƙi, suna wari. Yaya ya rantse mai kawowan ne ya sayar masa da mara lafiya, wai ranar Asabar zai tona shi a zauren waya na masu wannan kiwo. In ya yi, mutumin zai goge sunansa, Yaya ya gama samun wani ke nan.

Ni dai hannuna bai zuba komai ba. Ki ba ni dabarar da tsiron zai farfaɗo kafin Asabar ba tare da sunana ya fito ba. Sauran ki bar mini, na iya fuskar salihai.

Naki, Ɗan Zolaya

Ɗana, na yi dariya, amma dabarar nan babu ita. Sabon tulu makonni yake ɗauka, ba ya jin Asabar.

Ban ce ka yi da mugunta ba, Kaka ma kyanwarta take karewa. Yayanka shi ma yana da nasa: ya ajiye baƙon abu bai yi wa mutanen gida bayani ba, ga shi zai zargi mutum bai bincika ba. Sai dai kai kaɗai ka san gaskiya, kuma sunan wanda bai ji ba bai gani ba ne zai ɓaci.

Yau, da ya dawo ya ci abinci, ka same shi. Ka fara da abin da bakinka ya faɗa, kada ka fara da cokalin Kaka. Zai yi faɗa, ka sha.

Tsiron kuwa, in jijiyarsa na da rai zai tashi. Ku yanke tulunan da suka ruɓe, ku kwarara wa ƙasar ruwan sama mai yawa ya wanke gishirin, in ta yi maiƙo a sauya ta. Ba taki, ba nama; ƙudansa shi zai kama.

Ita Kaka, ka durƙusa ka gaya mata ƙarya ka yi, sannan ku damƙa mata jarkar ruwan saman, tunda ta nuna ta iya reno.

Allah ya huci zuciyar Yaya, ya raya tsiron. Fuskar salihan nan kuma, ka tafi da ita, yau za ta yi aiki.