Zanen Labulen da Kika Ɗaura Ranar Suna

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa irin ta 'ya ga uwa, ina fatan Allah ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Na san takarda ba ta isa inda kike. Na rubuta ne a inda mutane za su gani, domin a gaban mutane abin ya faru.

Kin tuna falona na unguwar Barking, a nan London. Wata uku na yi ina haɗa shi da tsohon cikin Amira. Takardar bango mai zanen koren ganye a kan ruwan toka, labule ganyen ne, rigunan filon kujera ganyen ne ƙanana. Baban Amira har tsokanata yake yi, wai shi mata ya aura, bai san a daji za a tare ba. Ni kuwa ji nake duk London babu mai ido irin nawa.

Sai kika zo yi min wankan jego da akwati biyu. Ɗaya kuka ce da daddawa da kayan yaji. Ɗayan ba ki buɗe ba. Da aka ɗaura min aure kai tsaye filin jirgi aka wuce da ni, ba ki samu kin yi min jeren ɗaki ba, ga shi kin yi wa ƙannena duka. Ban san shekara huɗu abin yana cin ranki ba.

Ina asibiti kika buɗe akwatin. Na dawo da jaririya a hannu na tarar kin yi jerenki. Zanen gado da kika yi wa ɗinkin hannu, ja da rawaya da shuɗi, kin shimfiɗa a doguwar kujera. Kwanukan samira shida masu fure a saman kantar falo. Faya-fayai masu launi kin jingina su da bango, don ba ki sami ƙusa ba. Kina tsaye bakin ƙofa kina goge hannu da gefen zanenki, kina jiran in yi magana.

Na yi maganar, Inna. Na ce, "Waɗannan ba su dace da ɗakin ba." Ko sannu da aiki ban yi miki ba. Ƙawayena nake hange za su cika falon ranar suna. Kika ce, "To, ai ɗakinki ne." Da hannunki kika naɗe zanen, kika mayar da komai cikin akwatin, ni kuma na nuna miki ma'ajiyar ƙarƙashin bene.

Ana jibi suna kika tambaye ni ko akwai ragowar yadin labule. Na ɗauko miki, ban ko tambayi dalili ba.

Ranar suna kika sauko da zane da ɗankwali na yadin nan. Yadi ne mai kauri, ba ya ɗauruwa, kina tafiya kina riƙe da shi a ƙugu. Mata suka hau shewa, wai Kaka ta yi anko da falo. Ni ma na yi dariya, kuma wannan dariyar ce ta fi komai ba ni kunya. Kika matso kusa da kunnena kika ce, "Yanzu dai na dace ko?" Da gatse kika yi da ya fi min sauƙi. Amma na san ki, da gaske kike tambaya. Tsoro kike kada ke ma ki ɓata min ɗaki.

Kika gama arba'in kika koma gida. Shekara biyu muna waya kullum, ban taɓa ɗago maganar ba, har Allah ya karɓe ki.

Hoto ɗaya tak kuke da shi ke da Amira, na ranar nan, kina zaune gaban labule kin rungume ta. Makon jiya ta ɗauko shi ta ƙura masa ido, ta tambaye ni da Turancinta me ya sa Kaka ba ta da jiki, sai fuska da hannaye. Na karɓa na duba. Gaskiyarta ce, kin ɓace cikin ganyen.

Ranar na fito da akwatinki. Zanen har yanzu yana ƙamshin turaren wutarki. Na shimfiɗa shi inda kika shimfiɗa, na jera samirar, na buga ƙusoshi a cikin takardar bangon da nake hana kowa taɓawa, na rataye faya-fayan. Ba su dace da komai ba, Inna. A nan za su zauna.

Ki yafe min, uwata. Sannu da aiki. Jeren ya yi kyau.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya ba ki ɗaki a Aljanna wanda za ki jera yadda ranki yake so, ba mai ce miki kwashe. Amin.

'Yarki ta fari,
wadda kunya ba ta taɓa bari kin kira sunanta ba.